Filin Kimiyya: Yadda Sauti Ke Auna Matsin Jini a Huhu

A wannan makon za mu haɗa darasin Bayoloji da na Fiziks, mu ga yadda likita ke gane halin da jini yake ciki a huhu ba tare da ya tsaga ƙirji ba.

Mu fara da tuni. Zuciya tana da ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuma ya karɓe shi ya watsa wa jiki. Babban mutum yana hutawa, jinin da ke ratsa huhunsa a minti ɗaya ya kai kimanin lita 5.

Idan ɓangaren hagu ya yi rauni ya kasa kwashe jinin da ke fitowa daga huhu, sai jinin ya taru a baya, kamar yadda ruwa ke taruwa idan kwata ta toshe. Matsi ya ƙaru a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo cikinsa. Mai wannan ciwo yana haki, yana tari da dare, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, wani lokaci ƙafafunsa su kumbura. Wannan shi ne gazawar zuciya. Haɗarin shi ne a ɗauka asma ce ko sanyi, a yi ta shan maganin da bai dace ba.

A nan ne hoton zuciya da ake kira eko yake da amfani. Ɗan uwan sikanin ne da ake yi wa masu juna biyu. Na'urar tana aika sautin da kunnenmu ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar hoto mai motsi. Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a ƙasar Suwidin a 1953.

To, yaya ake auna gudun jini? Duk mun san jiniyar motar asibiti tana sauya amo idan ta nufo mu da kuma idan ta wuce. Kiristiyan Dofla, masani daga Ostiriya, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842. Haka ma sautin da ya bugi ƙwayoyin jini masu tafiya yake dawowa a sauye, daga nan na'ura take lissafa gudunsu.

Tsakanin ɗakunan dama biyu akwai wani ƙyaure da kan ɗan yoyar da jini baya, har a masu lafiya da yawa. Idan matsin huhu ya hau, ɗakin ƙasa yakan matsa da ƙarfi, sai yoyon ya fita da gudu. Likita yakan ninka gudun da kansa, sannan ya ninka da 4. Idan gudun mita 2.5 ne a daƙiƙa, 4 × 2.5 × 2.5 ya ba mu 25, a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi. Idan mita 3.5 ne, amsar 49 ce. Mu lura, mita ɗaya kacal aka ƙara, amma matsin ya kusa ninkawa. A kan wannan adadi ake ɗora matsin ɗakin sama kafin a sami jimla. Gudun da ya haura 2.8 yakan sa likita ya zurfafa bincike, domin eko ƙiyasi yake bayarwa. Idan ana son tabbaci, akan zura siririn bututu ta jijiya a auna kai tsaye.

Sakamakon yana taimaka wa likita ya san ko za a ƙara maganin fitar da ruwa, ko kuwa ƙyauren zuciya ne ke buƙatar gyara. Wannan ya shafe mu, domin ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa magani ba yana iya lalata ƙyauren zuciyar yaro. Hawan jini ma yana gajiyar da zuciyar iyayenmu. Duk wanda muka ga yana haki idan ya kwanta, mu ba da shawarar a kai shi asibiti.

Tambayar mako: idan gudun yoyon mita 4 ne a daƙiƙa, nawa ne matsin? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a.