Amsar Tambaya: Babur Ɗina Ya Shekara Uku A Zaure

Tambaya: Malam, tun da na sayi mota na jingine babur ɗina a zaure, yau shekara uku. Yanzu kewarsa ta dame ni, amma ina shakkar hannuna ya mutu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, hannun da ya iya tuƙi ba ya mantuwa, sai dai ya yi tsatsa. Fara da kai babur wurin bakanike. A juye tsohon fetur, a wanke kafireto, a sauya baƙin mai, a duba birki da sarƙa. Taya kuwa, ko da zanenta bai cinye ba, in ka ga gefenta ya tsattsage, sauya ta. Ka yi kwana biyu kana zagaya unguwa tukuna.

Bayan haka, in a Kano kake, nufi Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Ka fita bayan sallar Asuba ta hanyar Zariya, kafin manyan motoci su cika titi. Wajen Kura da Kadawa ka sassauta: gonakin shinkafa kore shar, balbelu na bin manoma, iska mai sanyi na kaɗa rigarka. Mai mota ba ya samun wannan.

Sa hular kwano, ɗauki ruwa, kuma ka dawo gida kafin Magariba. Allah Ya tsare hanya.