Darasin waya: wa ke cire kuɗin data, kuma da wace ƙa'ida?

Darasin wannan fitowa yana kan ƙorafin da ake yawan ji a wurin cajin waya: an sayi data, ba ta ƙare ba, amma kuɗin kati sun ɓace. Ga wanda ke jiran saƙon ɗan'uwa daga Isa ko Sabon Birni, dala ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ku tuna ranar rabon abinci. Akwai mai rajista da ya san abin da kowane kati ya cancanta, akwai mai tsaron ƙofa, akwai mai lissafin sito. Haka kamfanin waya yake, sai dai duka ukun na'urori ne. Mai rajistar shi injiniyoyi ke kira PCRF. Yana duba layinku da irin datar da kuka saya, wadda a nan Nijar ake ce wa forfe, sai ya aika wa ƙofa ƙa'idoji. Duk abin da ya shiga wayarku ko ya fita ta intanet, ta wannan ƙofa yake bi. Ƙungiyar 3GPP ce ta shimfiɗa tsarin, kuma a kansa kamfanoni ke tafiya, ko Airtel, Moov da Zamani na nan, ko MTN da Glo na gida.

Kowace ƙa'ida tana faɗin abu huɗu: wace manhaja ko shafi ta shafa, a buɗe hanya ko a rufe, da wane gudu za a tafi, kuma daga wane asusu za a cire kuɗi. Na huɗun nan shi ne ke cin mutane.

A ce wata uwa ta sayi forfen WhatsApp kaɗai, kuma tana da ragowar dala ɗari a kati. Muddin tana aika saƙon murya, ƙofa na cirewa daga forfen. Sai aka turo mata adireshin wani wa'azi, ta taɓa, YouTube ya buɗe. A ganinta tana cikin WhatsApp har yanzu. A ganin ƙofa kuwa ta hau wata hanya da ƙa'idar forfen ba ta ambata ba, sai a faɗa kan ƙa'idar ƙarshe. Ita wannan, a wasu layukan rufe hanya take yi, a wasu kuma daga kuɗin kati take cira, kan farashin da ya fi na forfe tsada. Ba sai ma ta taɓa komai ba. Wayar Android tana iya sabunta manhajoji da kanta, ko ta kwashe hotuna ta kai ma'ajiyar Google, duk ta wannan hanya mai tsada.

Mai lissafin kuma ba ya sakin datar gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake ba ƙofa, in ta ƙare ta nemi ƙari. Ranar da ya ce babu, abu uku ke iya faruwa: a yanke, a koma kan kuɗin kati, ko a rage gudu. Shi ya sa forfen da aka ce ba shi da iyaka yakan koma tafiyar hawainiya bayan an kai wani adadi, alhali sandunan rezo, wato sabis, a cike suke. Hawa tudu ko ɗaga waya sama ba ya maganin wannan. Ƙa'idar tana kuma bin agogo, don haka forfen dare yakan mutu da lokacinsa ko da saura a ciki. Ku karanta saƙon da ke zuwa bayan saye, a nan ake rubuta rana da awa.

Masu layin Najeriya su ƙara kula. Kusa da iyaka, layin yakan kama rezon gida, in an matsa ciki kuma yana iya hawa na Nijar. Da ya hau, kamfaninku na gida zai ɗauke ku baƙi a ƙasar waje, kuma galibi datar da kuka saya da naira ba ta aiki a nan, da wani farashi ake cira. A saitin waya akwai maɓallin da aka rubuta Roaming, ko Itinérance in wayar tana Faransanci. Ku kashe shi.

Shawararmu ita ce ku sayi forfe da zarar kun sa kati, kada ku bar kuɗi zube data na kunne. Ku hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ku kashe data idan an ba yara waya. Saƙonnin da ke yawo cewa a taɓa nan a samu data kyauta daga HCR kuwa, ku share su. Ƙa'idar tana cikin na'urar kamfani, babu adireshin da zai canza ta, abin da suke nema lambarku ce ta sirri.

Wanda yake ganin an cire masa kuɗi ba daidai ba, kada ya goge saƙonnin kamfani. Ya riƙe rana da awa, ya kira sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin, domin kowane cirewa yana da rajista. In ba a warware ba, hukumar ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin waya a Nijar, ta Najeriya kuma NCC. Wanda bai iya karatu ba, ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa saƙon, ba tare da ya faɗa masa lambar sirri ba.