Kumburin Babbar Jijiyar Zuciya Da Na'urar Da Ke Gano Shi

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A ƙasarmu, daga Funtuwa har Malumfashi, ba baƙon labari ba ne a ji magidanci ƙaƙƙarfa ya dafe ƙirji a gona ko a kasuwa, ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga nan sai a shiga 'yan maganganu, wasu su ce jifa ne, wasu su ce mayu ne. Da yake a yankinmu akan binne mamaci da wuri, kuma ba kasafai ake barin likita ya binciki gawa ba, ainihin dalilin yakan bi mutum kabari. Cututtukan da ke kisa farat ɗaya suna da yawa. A wannan darasi za mu ɗauki guda ɗaya, wato kumburin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Za mu ga cewa ciwo ne mai ɓuya, amma ana iya ganinsa, ana iya auna shi, tun kafin ya yi ɓarna.

Mece ce babbar jijiya?

Zuciyar babban mutum takan buga kimanin sau 70 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 ke nan a kwana guda. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5 ko da mutum yana zaune. Duk wannan jini ta hanya ɗaya yake fita zuwa sassan jiki, wato babbar jijiyar da likitoci ke kira awota. Tana tashi daga ɓangaren hagu na zuciya, ta miƙe sama kimanin santimita 5, sannan ta lanƙwasa kamar mariƙin lema ta gangara ƙirji da ciki. Wannan guntun da ya miƙe sama shi ne abin nazarinmu. Faɗinsa a jikin babban mutum kimanin santimita 3 ne, kamar kaurin sandar rake mai kyau.

Bangon jijiyar hawa uku ne. Na tsakiya shi ne mai talewa kamar roba. Idan zuciya ta buga sai ya buɗe, idan ta saki sai ya koma. A bakin jijiyar akwai bawul mai ganye uku wanda ke hana jini komawa baya.

Yadda take kumbura

Duk wanda ya taɓa kai keke wurin mai faci ya san yadda robar cikin taya ke yin tozo a wurin da ta yi rauni. Masu noman rani ma sun san mesar ban ruwa da ta tsufa, yadda take kumbura a wuri ɗaya kafin ta fashe. Haka babbar jijiya take. Idan hawan tsakiya ya lalace, ƙarfin jini yakan yi ta tura bangon yana faɗaɗa a hankali, sau da yawa kimanin milimita 1 a shekara.

A nan ilimin kimiyya da muke koya a aji yana da amfani. Ƙa'idar da aka laƙaba wa sunan Laplace, masanin Faransa, ta nuna cewa ɗamewar bangon bututu tana ƙaruwa idan matsin abin da ke ciki ya ƙaru, kuma tana ƙaruwa idan faɗin bututun ya ƙaru. Ke nan kumburi shi ke jawo ƙarin kumburi. Ƙarshensa ɗayan biyu ne. Ko dai jijiyar ta fashe jini ya cika jakar da zuciya ke ciki ya matse ta, ko kuwa hawan ciki ya tsage jini ya kutsa tsakanin hawa da hawa, kamar yadda ruwan damina ke shiga tsakanin yaɓe da bango har yaɓen ya ɓare. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan haka ta faru ba a yi tiyata da gaggawa ba, da yawa ba sa wuce kwana 2.

Abubuwan da ke jawo shi

1. Hawan jini. Shi ne babba. Kusan mutum 1 cikin manya 3 a Nijeriya yana da shi, kuma da yawa ba su sani ba. Yawan gishiri da kanwa da sinadarin ɗanɗano a miya suna ƙara shi.

2. Tsufa da shan taba. Dukansu suna busar da bangon jijiya su rage masa talewa.

3. Tunjere. Wannan ciwo ne da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Gyambonsa na farko yakan warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ƙwayar cutar tana nan. Bayan shekara 10 zuwa 30 tana iya cin bangon babbar jijiya. Allurar penisilin tana kashe ta idan an yi da wuri.

4. Bawul mai ganye biyu maimakon uku. Ana haihuwar kimanin mutum 1 cikin 100 da shi, kuma jijiyarsu ta fi saurin faɗaɗa.

5. Gado. Fitaccen misali shi ne ciwon Marfan, wanda wani likitan yara a Faris, Antoine Marfan, ya fara bayaninsa a 1896. Yana samun kimanin mutum 1 cikin 5,000. Mai shi yakan yi tsawo, siriri, da dogayen yatsu, in ya miƙa hannuwa biyu tsawonsu ya zarce tsayinsa sosai. Ƙirjinsa yakan lotsa ko ya turo, kuma yakan yi fama da rashin gani nesa. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana iya gadonsa, rabi da rabi.

Flo Hyman, shahararriyar 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1984. A 1986 ta faɗi ta rasu ana cikin wasa a Japan tana da shekara 31. Sai bayan rasuwarta aka gano tana da ciwon Marfan, kuma babbar jijiyarta ce ta tsage. Amma fa mu kula, ba kowane dogo ne ke da wannan ciwo ba. Kada wani ya mai da wannan darasi abin tsokanar ɗan ajinsu.

Alamu

Mafi yawan masu kumburin ba sa jin komai. Wasu sukan ji nauyi a ƙirji, ko haki idan sun yi ɗan aiki, domin bakin jijiyar ya buɗe har bawul ba ya rufuwa, jini yana komawa cikin zuciya. Wasu muryarsu takan dushe ba tare da mura ba. Alamar tsagewa kuwa ita ce ciwon ƙirji mai tsanani da ke zuwa kwatsam, kamar ana yaga abu, yana ratsawa zuwa gadon baya. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na kantin magani ba. Asibiti za a nufa nan take.

Na'urar amsa-kuwwa

Idan muka yi ihu kusa da dutse ko cikin rijiya, muryarmu takan dawo mana. Jemage da wannan dabara yake tashi cikin duhu bai yi karo ba. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Na'urar hoton zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira eko, tana aika sauti mai kaɗawa miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa. Sautin yana tafiya cikin naman jiki da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Idan bangon jijiya yana da zurfin santimita 10, zuwa da dawowa santimita 20 ke nan, kuma ba zai ɗauki fiye da daƙiƙa 0.00013 ba. Daga wannan lokaci na'urar ke lissafa nisa ta zana hoto mai motsi.

A 1953 ne likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara gwada wannan a kan zuciya a garin Lund na ƙasar Suwidin. Na'urar da suka aro ta gano tsaga ce a jikin ƙarfen jiragen ruwa. Ta yau 'yar'uwar wadda ake duba mata masu juna biyu ce. Ba yanka, ba allura, ba zafi. Mutum zai kwanta ta gefen hagu, a shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Cikin kimanin rabin awa an gama.

Wannan na'ura ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. A wani bincike da aka buga a 1979, an duba mata 43 da eko. Ko da yake jikinsu ya kumbura ƙwarai, hoton ya nuna zuciyar yawancinsu tana bugawa da ƙarfi, gishiri da ruwa ne suka yi mata yawa. Abin da ido da kunne ba su iya tantancewa ba, awo ya bayyana shi.

Na'urar tana da iyakarta. Sauti ba ya ratsa ƙashi da iska sosai, saboda haka ta fi ganin tushen jijiyar da farkonta. Don ganin can sama, likita yakan nemi hoton siti, ko ya zura ƙaramin kan na'urar ta maƙogwaro.

Abin da lambobi ke faɗa

Idan faɗin ya kai santimita 4, an ce jijiya ta faɗaɗa. Daga nan sai a riƙa maimaita awo duk wata 6 ko duk shekara, a sha maganin hawan jini ba fashi, a bar taba, a kuma daina ɗaga kaya masu nauyi irin buhun masara ko dilar auduga, domin yunƙurin yana tayar da matsin jini nan take. Idan ya kai santimita 5.5 akan ba da shawarar tiyata, ga mai ciwon Marfan kuwa tun daga 5. Likita yana kuma la'akari da girman jikin mutum. Yawancin waɗannan ma'aunai daga Turai da Amurka aka tattaro su, don haka akwai aiki a gaban 'ya'yanmu da za su karanta likitanci, su auna mutanenmu su fitar da namu.

A tiyata akan cire guntun da ya kumbura a ɗinka saƙaƙƙen bututu a gurbinsa. Bentall da De Bono sun bayyana hanyar sauya jijiyar tare da bawul a Landan a 1968. A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu a 1974. Aiki ne mai tsada, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Shi ya sa sani da wuri ke da daraja. Wanda aka gano nasa yana santimita 4 yana da shekaru na shiri da neman taimako. Wanda tasa ta tsage kuwa awoyi kawai gare shi.

Namu aikin

Idan mun koma gida hutu, mu roƙi iyayenmu cikin ladabi su je a auna musu jini, ko da suna jin garau. Mu tambayi kakanninmu ko a danginmu an taɓa samun masu mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya. Idan akwai, ko an gano wani da wannan kumburi, ya kamata a duba iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Mace mai ciwon Marfan ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki. Daga asibitocin Funtuwa da Malumfashi ana iya neman takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Zariya, ko na Malam Aminu Kano a Kano, inda akwai likitocin zuciya. Wanda aka yi wa eko ya adana takardar sakamako kamar takardar gona, domin awon bana ba ya cika magana sai an gwada shi da na bara. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa kumburi ke jawo ƙarin kumburi?

2. Kawo abubuwa 4 da ke raunana bangon babbar jijiya.

3. Idan sauti ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.0001, nawa ne zurfin abin da ya taɓa?

4. Awon wani manomi ya nuna santimita 4.2 bara, bana kuma 4.3. Wace shawara ce ta dace da shi?