Darasin lissafi: yadda a ke cike kuɗi da kwamfuta

Ƴan'uwa manoma, kun san ba a ganin tamma ɗaya a kasuwa. Ƙaramin kuɗinmu dala ne, wato tamma 5. To, in lissafi ya ba da tamma 1237, nawa za a biya?

Ga doka. A duba lambobi biyu da dala ta ke rabawa daidai, ɗaya ƙasa, ɗaya sama: 1235 da 1240. Wadda ta fi kusa ita a ke ɗauka. 1237 ta fi kusa da 1235. Amma 1238 sai ta hau 1240. In lamba ta faɗi tsakiya daidai, sama a ke kai ta.

Yanzu magatakardan ƙungiyar manoma da yawa na aiki da kwamfuta. Cikin Excel, shafin an zana shi gida-gida kamar littafin ajiya. A sa 1237 a gida A2. A gidan kusa a rubuta:

=ARRONDI.AU.MULTIPLE(A2;5)

Nan take 1235 za ta fito. Wannan sunan na Excel mai Faransanci ne. In na Ingilishi ne, sunan MROUND. Don buhun taki mai kilo 50, sai a sa 50 maimakon 5.

Amma ku yi hattara, kusa ba kullum ta ke daidai ba. Kwamfuta ba ta san abin da ke cikin asusu ba.

Mutum 7 za su raba ribar jika 10, wato tamma 10 000. Rabon kowa 1428 da ƴan kai. Mafi kusa ita ce 1430. Ku ninka 1430 sau 7: 10 010 ke nan. Ina za a samo dala 2 da suka ƙaru? Na ƙarshe ne zai tashi da giɓi, kuma ma'aji za a zarga, alhali bai ci ko tamma ba. Don haka wajen rabo ƙasa a ke saukowa:

=PLANCHER(A2;5)

Kowa ya samu 1425. Jimla 9975. Saura dala 5, a rubuta su, su zauna cikin asusu.

Wajen saye kuwa sama a ke hawa. Gonar ƙungiya na bukatar taki kilo 120. Mafi kusa kilo 100 ne, buhu 2, ga kilo 20 babu. Sai a rubuta =PLAFOND(A2;50), ta ba da 150, buhu 3.

Aikin gida, ko da alli ne bisa allo:

1. Ku cike 863 zuwa dala mafi kusa.
2. Mutum 9 sun raba jika 5. Nawa kowa zai samu, nawa ya saura?
3. A na bukatar taki kilo 260. Buhu nawa za a saya?