Amsoshin Tambayoyinku: Tasa ƙeya, kora da gudun hijira duk ɗaya ne?

Wani mai karatu daga Funtuwa ya ce yakan ji a rediyo an taso ƙeyar mutane daga Saudiyya, wata rana a ce an kore su, wata rana kuma gudun hijira. Shin duk abu guda ne?

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Suna da dangantaka, amma kowanne da muhallinsa.

Tasa ƙeya ita ce hukuma ta kama baƙon da bizarsa ta ƙare, ko wanda ya karya doka, ta sa shi a jirgi zuwa ƙasarsa. Kora ta fi haka faɗi, domin takan haɗa jama'a rututu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, Hausawan zango da dama suka karyar da kayan shagunansu suka kamo hanya. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ita ma ta kori baƙi, ciki har da 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya. Jakar nan mai zanen ja da shuɗi da ake kira Ghana Must Go, a lokacin ta samo sunanta.

Shi kuwa mai gudun hijira, da ƙafarsa ya fita don tsira da rai, ko da yake tilas ce ta sa.

Mutane da yawa sun ɗauka gwamnati na iya tasa ƙeyar duk wanda ta ga dama. Ba haka doka ta ce ba. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, daga Maiduguri suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. A ganina wannan zalunci ne, domin raba mutum da ƙasar haihuwarsa ba ƙaramin abu ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke matakin, ta kuma ce a biya shi diyya. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa ba a korar ɗan Najeriya daga Najeriya, ba a kuma hana shi shigowa.