Yadda Ake Toshe Hasken da Ke Shigowa ta Gefen Labule

Uwargidana ma'aikaciyar jinya ce. Duk makon da aikin dare ya faɗo kanta, sai wajen ƙarfe takwas na safe take shigowa gida, idanu sun yi jawur, ga tagar ɗakinmu gabas take kallo. Na je Kantin Kwari na sayo yadi mai kauri, irin mai baƙin zare a tsakiyar saƙarsa, wanda ko tocilar waya ka manna masa ba ka ganin komai ta bayansa. Aka ɗinka, na rataya, na ce magana ta ƙare. Washegari na leƙa na tarar ta rufe fuska da ɗankwali. Tsakiyar labulen baƙi ƙirin, amma haske ya yi masa zobe: wani ya haura silin ya dawo kan gado, wani ya tsargo ta gefe ya sauka daidai kan matashinta.

A gidan kakana ba a san wannan damuwa ba. Soron ƙasa ne, kaurin bango ya kusa kamu biyu, 'yar taga can sama kusa da azara, ƙofa da asabari. Da tsakar rana sai ka lalubi takalminka. Mu da muka koma ginin bulo da manyan tagogin alminiyon mun sami iska, duhun ne ya gagare mu, ga kuma fitilun sola na bakin titi da ke kwana suna leƙen ɗaki.

Wani dattijon tela mai ɗinkin labule ne ya ɗora ni a hanya. Ya zo ya tsaya ya dubi aikina, ya ce, “Malam, yadinka ba shi da laifi. Taga ka auna, ka manta da bango.” Na ce, “To Baba, yaya za a yi?” Ya ce in kawo alli.

Farkon aiki shi ne gano inda hasken yake shigowa. A rufe ƙofa a lokacin da rana ta fi dukan tagar, a zauna shiru kamar minti goma. Ido ba ya sabawa da duhu nan take, cikakken sabo yakan ɗauki wajen minti 30, shi ya sa wanda ya shigo daga waje zai rantse ɗakin ya yi duhu, mai barci kuwa ya san bai yi ba. Duk inda haske ya bayyana a yi masa alama da alli.

Awo ba ya bukatar dogon bayani. Labule ya wuce taga da inci 6 ta kowane gefe, sandarsa ta hau sama da taga da inci 6 zuwa 8, gindinsa ya taɓa ƙasa, faɗin yadin kuma ya ninka tsawon sandar sau biyu saboda tattara. Inda falle biyu suka haɗu a tsakiya, ɗaya ya hau kan ɗaya da inci 4. A sa wa labulen farin shafi ya kalli waje, domin baƙi zafi yake sha ya juye maka a ɗaki. Sama kuwa aikin kafinta ne na rabin yini: akwatin falanki mai rufin kai da gaba da gefe biyu, a kifa shi kan sandar. A shafa wa cikinsa baƙin fenti marar ƙyalli, in ba haka ba farin katako zai riƙa cilla hasken ƙasa.

Gefe ne wurin da ake gane gwani. Sandar labule ba ta manne da bango, ƙarfen da ke riƙe da ita yana turo ta gaba kamar inci 4, kuma wannan ratar ce babbar ƙofa. Dole yadin ya lanƙwaso daga ƙarshen sandar ya koma ya kama bango, daga sama har ƙasa, saboda haka tun wajen yanka ake ƙara masa inci 4 ko 5 a kowane gefe. Abin da zai riƙe shi kuma Velcro ne, abin nan mai kama juna da ake sa wa takalman yara a madadin igiya.

A nan na yi ɓarnata ta farko. Na sayo mai gam a baya na manna kai tsaye a bango. Bangon da ya sha ƙurar hunturu ba ya riƙe gam, abin da ya rage kuma zafin watan Afrilu ya narkar da shi. Kafin sati biyu ya sulɓe, ya tafi da fenti. Da na ɗauko ƙusar kankare, filasta ta ɓalle kamar tafin hannu. Abin da dattijon ya yi shi ne siririn katako, inci ɗaya faɗi, tsawon labulen. Ya ɗaura ƙusa a bakin zare ya sako shi daga sama, ya jira ta daina lilo, ya ja layi a inda zaren ya tsaya. Bai yarda da gefen taga ba, bai yarda da idonsa ba, don ba kasafai magini ke tsayar da taga cak ba. Sannan aka huda bango da inji, aka cusa roba a ramukan, aka ɗaure katakon da ƙusa mai murɗi. Filasta ba ta taɓa zama sumul, akwai tudu akwai kwari, kuma haske na bin kwarin nan ta bayan katako. Sai ya yanko siririn soson tsohuwar katifa ya shimfiɗa a tsakani kafin ya matse.

Ɓangaren Velcro mai kaushi a kan katako yake zama, da ƙananan ƙusoshi. Mai laushin ne ake ɗinke wa labule, don kada ya yagi yadi ranar wanki. Amma ba a ɗinka shi ranar da aka rataya. Sabon yadi mai nauyi yana saki. A bar shi kwana biyu ko uku ya gama zama, sannan a yi alama da alli yana rataye. Wanda ya auna a shimfiɗe a ƙasa zai ga bakin ya goce. Wajen mannawa ma akwai hannu: daga sama ake farawa, ana bi da tafi a hankali, ba a ja. In ka ja ƙasa don ya miƙe, sai tsakiya ta yi ciki ta buɗe baki. Na tsaya ina kallon yadda yake shafa gefen nan kamar mai gyara wa ango babbar riga, na san shekaru ne suka koya wa hannun.

Wani abu da ban taɓa tunani ba: allurar keke tana huda yadin, sai ka ga layin ɗinki ya zama jerin taurari. Maganinsa a yi wa shafi kalmasarsa daban, labule tasa daban, don kada ramukan su haɗu.

Masu labulen naɗi irin na ofis, nasu ya fi sauƙi. Yadin kullum ya fi bututunsa gajarta, yana barin kusan rabin inci a kowane gefe. Robar nan da masu haɗa wutar gida ke ɓoye waya a ciki, a cire murfinta, a baƙanta cikinta, a kafa ta a gefen taga yadda bakin yadin zai riƙa hawa da sauka a cikinta. 'Yan haya da maigida ya hana su huda bango sukan yi da ƙugiya uku da zobba a bakin labule. Ba ya kai na katako, amma yana rage hasken.

Ɗakin da aka toshe haka iska na raguwa a cikinsa, saboda haka ɗaya tagar da ke gefen inuwa ban matse ta ba, labule kawai na saki, fanka na juyawa.

Da muka gama, muka rufe ƙofa muka zauna ni da dattijon. Bayan minti goma taga ta ɓace gaba ɗaya, sai wani farin layi kwance a ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofa. Ya miƙa hannu ya jawo tsohon zane daga kan kujera, ya naɗe shi, ya tura da ƙafa.