DARASIN TURANCI: LADUBBAN TAMBAYA IDAN BA KA GANE BA

  

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, abin da ya sa na ɗauko wannan darasi wani abu ne da ya faru a gidanmu. Ƙanina ya nemi shiga wata makaranta, aka bugo masa waya da Turanci aka faɗa masa ranar ganawa. An ce "thirteenth", wato 13 ga wata, shi kuwa ya ji "thirtieth", wato 30. Ya ɗan yi kokwanto, amma kunya ta hana shi tambaya, sai ya ce "Yes sir". Ran 30 ya hau mota, ya tarar an gama tun kwana 17 da suka wuce. Shekara guda ta tafi a banza saboda tambaya ɗaya da bai yi ba.

Ku sani, Turanci yana biyo mu har gida. Tun da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin hidimar ƙasa a 1973, ana turo matasa daga Kudu su koyar a makarantun garuruwa irin namu. Haka in ka je babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko banki, ko wani ofis a Dutse, kana iya gamuwa da wanda ba ya jin Hausa. To, yaya za ka ce ba ka gane ba cikin ladabi?

Tambaya dai ba abin kunya ba ce. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, in ta ji abin da ba ta sani ba takan sake tambaya har sai ta fahimta. Hausawa ma sun ce matambayi ba ya ɓata.

Na farko: Bambanta ji da ganewa

A Hausa kalmar "ji" tana ɗaukar ma'ana biyu. Muna cewa "ina jin Larabci", muna nufin fahimta. Turanci bai yarda da haka ba. In ka ce "I don't hear", likita zai ɗauka kunnenka ne da matsala, sai ya ɗaga murya ya maimaita abin nan dai da ba ka gane ba. Saboda haka:

In sautin ne bai iso maka ba, ka ce: "Sorry, I didn't hear you."
In ma'anar ce ta shige maka duhu, ka ce: "Sorry, I don't understand."

Na biyu: Neman a maimaita

In babba ya yi maka magana ba ka cewa "Me?", sai dai "Na'am?" To, haka ma a Turanci, "What?" shi kaɗai da kaushi yake, kamar ka ce wa mahaifinka "Me?" Madadinsa ka ce:

"Pardon?" Shi ne makwafin "Na'am?" ɗinmu.
"Could you say that again, please?" Don Allah a sake faɗa.
"Could you speak more slowly, please?" Don Allah a yi magana a hankali.

Ku lura, "could" ta fi "can" taushi, "please" kuwa tana aikin da "don Allah" ke yi a Hausa, ko "min fadlika" a Larabci. A aji ka ɗaga hannu tukuna, ka fara da "Excuse me, sir", in mace ce "Excuse me, madam".

Na uku: Nuna inda ka tsaya

Mai cewa "ban gane ba" kawai ya bar malami cikin duhu. Ɗalibin kirki yakan ce, "Malam, daga nan ne na ɓace." Ga yadda ake faɗa:

"What does this word mean?" Mene ne ma'anar wannan kalma?
"Could you give an example, please?" Don Allah a ba da misali.
"Could you write it down for me, please?" Don Allah a rubuta mini.

Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta sosai a asibiti da wajen harkar kuɗi.

Na huɗu: Tabbatar da abin da ka ji

Da ƙanina ya san wannan, da bai yi asara ba. Ka maimaita wa mai magana abin da ka fahimta: "Do you mean one tablet three times a day?" Wato, kana nufin ƙwaya ɗaya sau 3 a rana? Lambobin da suka fi rikita kunne su ne 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50, har zuwa 19 da 90. Sai ka rarraba su: "One three, or three zero?"

Na biyar: Tarkon "yes" da "no"

Masu karatun nahawu sun san bambancin "na'am" da "bala" wajen amsa tambaya mai korewa. Turanci ma yana da nasa tarkon. In aka ce da Hausa, "Ba ka gane ba?", kakan ce "E", ma'ana ban gane ba. Amma in aka ce "Didn't you understand?" ka amsa "Yes", mai tambayar zai ɗauka ka gane, ya wuce abinsa. Amsar daidai ita ce "No, I didn't." Idan an yi maka bayani ka gamsu, kada ka manta da "Thank you, I understand now."

Kira ga iyaye

Mu muka koya wa yara sunkuyar da kai gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mu ƙara musu da cewa faɗin "na gane" alhali ba a gane ba ƙarya ce, kuma tana iya jawo shan magani ba bisa ƙa'ida ba ko sa hannu a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba. In yaro ya raka ku asibiti don ya yi tafinta, kada ku harare shi don ya tsayar da likita da tambaya. Ku yake karewa.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya haddace jimloli 5 daga cikin waɗannan, ya rubuta ma'anarsu da boko da ajami. Ran Asabar za ku tashi biyu-biyu, ɗaya likita ɗaya majinyaci, mu ji wanda zai iya tambaya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya buɗe mana ƙwaƙwalwa.